Rage Muke Yi, Inna

Tun da na dawo daga Umara ƙofar gidan nan ba ta huta ba. Kowa ya shigo sai ya sha zamzam, ya ɗauki dabino, ya gyara zama ya ce, "To Asabe, yaya Makka?" In na fara da Ka'aba sai a ce an gani a talabijin, a ba su labarin mutumin nan da na je nema. Bakina ya gaji. Ga shi nan na zube shi wuri ɗaya, wanda ya zo ya karanta, ni in koma kan tuwona.

Kun dai san ni, ba na zuwa ko'ina. Bauchi na taɓa zuwa biki, na kwana ina tunanin kajina. Ranar da ɗana Nasiru ya ce ya samar mini kujerar Umara, abin da na fara tambaya shi ne wa zai riƙa ba su dusa.

Amma sai na fara da yayana Sule, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya kai ni tashar mota a Makka ba.

Ina yarinya a Gangare, nan Jos, Yaya Sule da abokansa suna da ƙungiyar kiɗa, Zakarun Gangare. Kada ku wahalar da kanku, ba wanda ya san su sai mu maƙwabta. Yaya ne a ganga, Bitrus ke waƙa, Danjuma da Audu na jita. Sai Bala, mai wata doguwar jita da ba ta kuka sai gurnani, ana ce mata bes, shi kuma ana ce masa Bala Bes. Kiɗan ba namu ba ne. Wani baƙin mutum ɗan Jameka da ke aiki a reluwe ya ba su aron fayafayai, suka yi ta saurare har allurar garmaho ta mutu. Wanda suka fara koya sunansa wani abu wai rokistedi. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ai kuwa sun faɗi gaskiya, roƙo ne sai taɗi. Daga baya suka koma wanda ake ce wa rege, wanda a bakin 'yan Gangare ya zama rage.

A zaurenmu suke gwaji, bango ɗaya tsakaninsu da ɗakin Inna. In kiɗa ya ɗau zafi, kwanonin da ta jera a kan kanta sai su fara rawa, ita kuma ta ɗaga murya: "Ku rage!" Su kuma su haɗa baki: "Rage muke yi, Inna." Kullum haka. Ba ta taɓa dariya ba, su ma ba su taɓa ragewa ba. Ni ba a bari in shiga zaure in suna nan, sai in manna kunne a bango, har suka sa mini suna 'Yar Bango. Fuskokinsu ban riƙe sosai ba, amma na san tarin kowa.

Sun yi wasa a otal-otal da bukukuwan ma'aikatan reluwe da na kuza. Faifai kam ba su taɓa yi ba. An shirya za su tafi Legas a ɗauke su, sai mahaifiyar Bala ta tashi aikin Hajji, shi kaɗai ne ɗanta namiji, ya raka ta. Ya ce zai dawo bayan Sallah. Tsohuwa ta ga Makka ta ce ita fa ta zo ke nan, shi ma dole ya zauna da ita. Sun gwada wani mai bes ɗin, Yaya ya ce kamar ana jan tebur. Zakaru suka watse, babbar gangar ta koma wurin tara kayan wanki. Sauran ukun kuma, ɗaya bayan ɗaya, Allah ya yi musu rasuwa.

Bara waccan Yaya ya samu shanyewar ɓarin jiki. Magana ta yi masa nauyi, amma wata waƙarsu ta dawo masa. Sai ya riƙa buga ƙarfen gado da hannun da ke aiki, yana cewa, "Jirgi ya baro Kafanchan, ni ina Kuru ina jira," sai ya tsaya cak, ya zuba wa mutum ido. Abin da ke biye yake nema. In bai samu ba ya koma farko. Haka zai wuni. Abinci ya daina shiga, barci ya ƙi, mutum yana ta zubewa muna kallo. Matarsa Yaya Hauwa ta ce, "Asabe, ke ce mai kunne, ƙarasa masa mana." Wallahi duk waƙoƙinsu suna kaina, ban da nan. Daidai nan ne kwanoni ke ɗaukar rawa Inna ta yi ihu, ban taɓa jin abin da Bitrus ke faɗa ba.

Ranar da na je sallama ya riƙe mini wuyan hannu.

"Ki nemo Bala. Ki tambaye shi, bayan ina jira mene ne."

"Yaya, a ina yake?"

"Makka."

Adireshin ke nan.

Daga Jos mota ta kai mu Kano, mu ayari guda, da jagoranmu Malam Isiyaku wanda ke ƙirga mu kamar awaki duk inda aka tsaya. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta ƙwace mini kunun gyaɗa da na zubo a falas, wai ba a shiga da ruwa. Na ce mata ba ruwa ba ne, kunu ne. Ta girgiza falas ɗin a kunnenta, ta yanke hukunci cewa ruwa ne. Ban ja ba, amma kunun da na dama da hannuna ya fi haka kauri.

Jirgi na tashi kunnuwana suka toshe. Ina ganin bakin mutane na motsi, ba sauti. Na ce shi ke nan, abin da aka aike ni da shi ya lalace tun ba a bar Kano ba. Wata Hajiya da ke gefena ta nuna mini in haɗiyi yawu. Na yi ta haɗiya har muka ƙetare teku, sannan suka buɗe, daidai ana sanarwar a ɗauki niyya.

A Jidda sai an ɗauki hoton yatsun mutum. Ni kuwa na sha lalle saboda tafiya, ga wanke-wanken shekara da shekaru ya cinye zanen. Na'urar ta ƙi ni. Ma'aikacin, wani saurayi mai ɗan gemu, ya goge mini yatsa kamar na jariri, ya danna, ya sake gogewa, yana ta "Ya Hajja, ya Hajja." Layi ya taru a bayana. Can dai na'ura ta gaji ta karɓa, ya ce, "Halas, yalla," wato an gama, wuce. Larabcin da na fara koya ke nan, kuma na lura da shi kaɗai ma mutum zai iya zama a ƙasar.

Masaukinmu a Makka a unguwar Aziziyya yake, wani dogon bene mai lif. Mu huɗu a ɗaki, da na'urar sanyi da suke kira mukayyif. Ni da na tashi a sanyin Jos sai da na kwana da safa, 'yan Kanon da ke ɗakin kuma suna cewa a ƙara. Abinci shinkafa ce da rabin kaza, gobe rabin kaza da shinkafa. Da safe burodi mai faɗin faifai da wake da aka dama da mai. Ba laifi, amma ba yaji, kamar ana jin tsoron kada wani ya ji daɗi. Abin da ya ba ni mamaki, ana kiran salla mai kanti zai ja ƙyalle ya rufe kayansa ya tafi abinsa. Na tsaya ina kallon ƙyallen, ina tuna kasuwarmu, inda da an dawo har ƙyallen ba za a tarar ba. Kyanwoyi kuwa ko'ina, ƙatti, ba sa kauce wa mutum.

Zuwa Harami bas muke shiga, ta bi ta Kudai, inda babbar tashar motocin alhazai take, ta shige cikin dutse ta fito. Ko'ina gini ake yi. Amma da na shiga na ga Ka'aba, duk saƙonnin addu'ar da kuka ba ni suka zube. Na tsaya kawai hawaye na bin fuskata. Ku yi haƙuri, daga baya na tuno ku ɗaya-ɗaya. A lokacin Yaya kaɗai ya zo bakina.

Da muka gama Umara na shiga nema. Na tambayi wani Balarabe mai sayar da carbi, na ce, "Bala Bes." Ya ji bala, ya ɗauka bala'i nake kira, ya ce a'uzu billahi, ya juya baya. Na biyun ya ji bes ɗin a matsayin bas, ya nuna mini hanya da hannu ya ce, "Kudai." Na ukun ma Kudai. Na ce to lalle mutumin nan sananne ne, kowa ya san unguwarsu.

A tasha na tari wani direba baƙi da na ji yana waya da Hausa.

"Ɗana, don Allah Bala Bes nake nema."

"Ni ne Bala, Hajiya. Ga kuma bas."

Yaron bai kai Nasiru ba, ɗan Gusau ne. Ya kira mini wani Balan, shi ma da tasa bas ɗin. Suka tsaya suna kallona cikin ladabi, ko zan zaɓi ɗaya.

Ina komawa a gajiye sai na ji sautin da ban ji ba tun da na baro gida: taɓarya a turmi, daga saman wani bene. Ba daka irin na wanda ya koya a girma ba, na gida. Na bi sautin har hawa na biyu. Wata mata ce, Mariyama, 'yar Maraɗi, tana dakan yaji. Tuwo take yi wa ma'aikata 'yan gida. Ta zuba mini na masara da miyar kuka, ban yi magana ba sai da na ga ƙasan kwano.

"To baƙuwa, mi kike biɗa?"

Na ba ta labari tun daga kwanonin Inna. Ta yi dariya har ta dafa turmi.

"Nan wa ya ce miki ana zama da sunan gida? Bala Bilal ne. Ke kanki da kin shekara da kin koma Asma'u." Ta ɗan yi tunani. "Akwai wani tsoho mutumin Jos a unguwar Shisha, ana ce mishi Ammu Bilal. Shi ke gyara lasifikar masallatan unguwarsu. An ce in ya taɓa lasifika, muryar liman a ƙirji kake jin ta, ba a kunne ba."

Na ajiye kofin ruwa na ce, "Shi ne."

"To in shi ne ki kama bakinki. Kar ki ce kiɗa. Surukansa malamai ne, 'ya'yansa nan aka haife su, ba wanda ya san ya taɓa riƙe wani abu in ba carbi ba."

Washegari bayan La'asar, da izinin Malam Isiyaku, muka ɗauki tasi ni da ita. 'Yarsa Samira ce ta buɗe mana, mace mai fara'a, Hausarta kamar tana tauna tsakuwa. Ta kai mu falon mata, ta kawo dabino da gahawa mai ɗaci a wani kofi kamar murfin kwalba. Ina shanyewa ta ƙara. Na shanye don kada a ce na raina, ta ƙara. Sai da Mariyama ta zungure ni ta ce a girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. A gida sai an ce ka ƙara ka ce a'a sau uku, a nan bakinka ba shi da aiki.

Tsohon ya shigo da sanda, farar jallabiya fat, farin gemu, ya zauna can bakin ƙofa. Na gaishe shi da Hausa, ya amsa da Larabci, Samira ta juya mini. Na ce daga Jos nake. Ya ce masha Allah. Na ce ko Alhaji ya san wani Bala ɗan Gangare. Ya ja carbi, ya yi magana doguwa. Samira ta ce, "Baba ya ce, mutane yawa. Allah ne sani."

Ya yi tari. Na ji kamar tarin ne, amma tari ma yana tsufa, ba zan rantse ba. Ga 'yarsa a zaune, ga gargaɗin Mariyama. Na rasa ta inda zan ɓullo. Na fara tunanin abin da zan ce wa Yaya in na koma hannu biyu.

A ɗakin da ke jikin falon jikokinsa sun ƙure talabijin. Bango ɗaya ne tsakaninmu, har kofunan gilashin da ke cikin kabad suna ƙara. Tsohon na magana ba na jin komai. Ni dai ban san lokacin da na juya wajen bangon ba. Mutane sun sha faɗa mini cewa da na manyanta muryar Inna ce ta dawo bakina.

"Ku rage!"

Tsohon, idonsa na kan carbi, ya ce, "Rage muke yi, Inna."

Da Hausar Gangare tsantsa, ko ƙura ba ta hau ta ba.

Samira ta dubi ubanta. Shi kuma ya dubi carbin kamar shi ya yi maganar. Can ya ɗago ya ƙare mini kallo.

"'Yar Bango?"

"Ni ce, Yaya Bala."

"Kin tsufa."

"Kai ma ba a bar ka a baya ba."

Ya ce wa Samira wani abu da Larabci, ta tashi ta tafi haɗo shayi. Ya jawo kujerarsa kusa.

"Inna fa?"

"Ta daɗe da rasuwa."

"Bitrus?"

"Ya rasu."

"Danjuma? Audu?"

Na girgiza kai. Ya yi musu addu'a a hankali.

"Kai da Yaya Sule kuka rage," na ce. Na gaya masa ciwon, da ƙarfen gado, da yadda abinci ya daina shiga. "Aiko ni ya yi. Jirgi ya baro Kafanchan, ni ina Kuru ina jira. Wai bayan nan mene ne?"

"Babu komai."

"Yaya Bala, daga Jos fa na zo."

"Babu magana a wurin, 'Yar Bango. Bitrus shiru yake yi. Nan ne ni nake shiga. Jirgin ne ke isowa." Ya shafa gemu. "Ke me kike tsammani ke kaɗa kwanonin?"

Shekara nawa ina jin haushin kwanonin nan da suka hana ni jin waƙa, ashe waƙar ce nake ji.

Na ce to ai wannan ba saƙon da zan ƙulla a bakin zane ba ne, ni ba ni da ƙirjin da zan kai shi. Na ciro waya na kira Yaya Hauwa, na ce ta kara wa Yaya a kunne, na buɗe sautin. Yaya Bala ya dubi ƙofa. A buɗe take, ana jin motsin Samira a kicin. Na ga ya yi niyyar tashi ya rufe, sai kuma ya zauna.

Muryar Yaya ta fito da ƙyar. "Wa?"

"Bala ne."

Na duba ko wayar ta yanke, sai ga muryar Yaya.

"Ka ce bayan Sallah."

"Ban ce wacce ba."

Ba su gaisa ba, ba a tambayi iyali ba. Sai kawai na ji ƙarfen gadon nan daga Jos, ƙwas, ƙwas, yana barin gurbi yadda suke yi. Yaya ya ja waƙar da harshensa mai nauyi har ya kai ina jira, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Tsohon nan mai farin gemu ya rufe baki, ya sunkuyar da kai, ya saki wani gurnani daga ƙirji, dum, du-dum, dum, yana hawa yana sauka, yatsunsa biyu na tafiya a jikin sanda. Na ji shi a cikina kamar ina manne da bangon Inna. Mariyama ta daina tauna dabino.

Yana kai ƙarshe Yaya ya ɗauka daga can, baiti na biyu, tiryan-tiryan, ba gargada. Ina jin Yaya Hauwa a bayansa tana salati.

Muna ɗagowa ga Samira tsaye a ƙofa da tire.

"Esh hada, ya Baba?" Wato mene ne wannan.

Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Rage."

Ta ajiye tiren, ta ɗauki rimot, ta rage mukayyif. Ba wanda ya gyara mata.

Da za mu tafi ya rako mu har bakin bene. Na ce ko yana da saƙo. Ya ce in gaya wa Sule har yanzu yana sauri a baiti na biyu.

Dawowa ba wani labari. Kunnuwa sun sake toshewa, na haɗiyi yawu. A Kano jakata ta fito da ƙafa ɗaya. Kaji na tarar da su lafiya, sun ma fi ƙiba, abin da ban ji daɗinsa ba sosai.

Kafin in sauke kaya na wuce Gangare. Na samu Yaya zaune da kwanon fate a gabansa, ya ci fiye da rabi. Na isar da saƙo. Ya ce Bala ne ke jan ƙafa, tun da can haka yake. Yanzu in ya kai ina jira sai ya yi shiru, yana kaɗa kai, ya bar wa Bala wurinsa, sannan ya wuce. Duk Juma'a kuma waya na shigowa daga Shisha, in Samira ta fita kai yara gidan kakarsu.

Yaya Hauwa ce dai ke ƙorafi. Ta ce da rabin waƙa take ji, yanzu sai an kai ƙarshe, kuma ya tuno wasu guda biyu. Shekaranjiya ina zaune tana salla, yana ta dukan ƙarfen gado. Tana sallamewa ta juyo ta ce, "Malam, don Allah ka rage."

Kun san amsar da ya ba ta.